Akwatunan sa'a na Counter-Strike: daga ina suka fito, kuma me ya ba su daraja?

Duk wanda ya jima yana buga Counter-Strike, wasan harbi na kwamfuta, ya san wannan yanayin: an gama wasa, sai ga akwati ya faɗo maka kyauta, amma a kulle. Ga shi a ma'ajiyarka yana kallonka kana kallonsa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sababbin 'yan wasa suka fi yi game da shi, da ma iyayen da suka ga kuɗi yana zurarewa daga katin banki ba su san inda yake zuwa ba.

Wai mene ne akwatin sa'a?

Akwati ne na cikin wasa wanda ba ka san abin da zai fito maka ba sai ka buɗe. A Counter-Strike kowane akwati yana da jerin kayan da ke iya fitowa daga cikinsa, yawanci fentin bindigogi goma sha wani abu, sai kuma wani abu guda mai alamar zinare wanda ake nufin wuƙa ko safar hannu. 'Yan wasa suna ce wa fentin "sikin". Akwatin kansa kana iya samunsa kyauta ko ka saya da araha, amma makullinsa dala 2.49 ne, kamfanin Valve mai wasan ke sayar da shi, kuma makulli ɗaya akwati ɗaya yake buɗewa. Da ka murɗa, sai hotunan kayan su riƙa gilmawa a allo suna rage gudu har su tsaya a kan ɗaya. Kada wannan gilmawar ta ruɗe ka. Kwamfutar kamfanin ta riga ta zaɓi abin da za ka samu tun lokacin da ka danna. Wuƙar da ka ga kamar "saura ƙiris" ado ne kawai.

Valve ne ya ƙirƙiro wannan dabara?

A'a. Asalinta daga gabashin Asiya yake. A Japan an daɗe da injinan gashapon, waɗanda ake jefa wa tsaba su tofo ƙwallon roba da ɗan abin wasa a ciki. Wasannin intanet na Japan da Koriya da Sin suka kwaikwayi wannan tun tsakiyar shekarun 2000, saboda a can an saba ba da wasa kyauta a nemi kuɗi ta wata ƙofa. A ƙasashen Yamma kamfanin EA ya shigo da fakitin katunan 'yan ƙwallo a FIFA Ultimate Team a 2009. Valve ya biyo baya a ƙarshen Satumban 2010 da akwatuna da makullai a wasansa Team Fortress 2, inda mutane suka haukace a kan hulunan ado na cikin wasan. Valve ya kuma bar 'yan wasa su yi musayar kayan a tsakaninsu, sannan ya buɗe musu kasuwa a Steam, dandalinsa na sayar da wasanni. Daga nan fenti ya zama haja.

Yaushe suka shigo Counter-Strike?

Shi wasan ya girmi akwatunan nesa ba kusa ba. Minh Le da Jess Cliffe ne suka gina shi a kan wasan Half-Life na Valve a 1999, kuma mutane sun shekara goma sha huɗu suna harbin juna da bindigogi marasa ado. Counter-Strike: Global Offensive ya fito a Agustan 2012, bai kuma samu karɓuwa sosai da farko ba, don tsofaffin 'yan wasa sun ƙi rabuwa da wanda suka saba. A Agustan 2013 Valve ya saki sabuntawar da ya kira Arms Deal, ita ce ta kawo fenti da akwatuna biyu na farko. Ɗaya daga cikinsu, eSports 2013, an ware wani kaso na kuɗin makullansa don gasa, kuma da shi aka tara ladan dala 250,000 na gasar DreamHack Winter 2013 a Suwidin, wadda ƙungiyar Fnatic ta lashe. Wannan ce babbar gasa ta farko da Valve ya tsaya wa.

Ko mai ƙin akwatunan dole ya yarda cewa daga nan ne yawan 'yan wasan ya fara hawa. An mayar da wasan kyauta a Disambar 2018, kuma da Counter-Strike 2 ya maye gurbinsa a Satumban 2023, Valve ya kwashe wa kowa kayansa zuwa sabon gida ba tare da ko ɗaya ya salwanta ba. Ya san inda cin abincinsa yake.

Fentin yana ƙara wa bindiga ƙarfi ne?

Ko kaɗan. AK-47 ta dala dubu da AK-47 tsirara harsashinsu ɗaya, girgizarsu ɗaya.

To mene ne ainihin damar samun wuƙa?

Shekara huɗu Valve bai faɗa wa kowa ba. Sai da dokar Sin ta tilasta wa kamfanoni bayyana alƙaluman a 2017, sannan Perfect World, wanda ke tafiyar da wasan a can, ya wallafa su. An kasa kayan akwatin mataki-mataki, kowane mataki da launin da ke nuna shi: mai launin shuɗi, wato mafi arha, yana fitowa kashi 79.92 cikin ɗari. Shunayya kashi 15.98. Ruwan hoda kashi 3.20. Ja kashi 0.64. Zinare, wato wuƙa ko safar hannu, kashi 0.26. Kowane mataki daga shuɗi zuwa ja ya fi na ƙasansa wuyar samu ninki biyar. Sannan ɗaya cikin goma na abin da ya fito yana zuwa da StatTrak, 'yar na'urar da ke ƙirga yawan waɗanda ka harbe.

Kashi 0.26 yana nufin kusan ɗaya cikin 385. Ka ninka 385 da dala 2.49, ka samu dala 960 ko kusa da haka, makullai kaɗai, ba a sa kuɗin akwatunan ba. Kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure: suna ɗauka idan sun buɗe 385 dole wuƙa ta fito. Ba haka lissafin yake ba. Akwati ba ya tuna na bayansa. Mutum zai iya buɗe 385 a jere ya tashi hannu rabbana, kuma damar hakan ta kai kashi 37 cikin ɗari, fiye da mutum ɗaya cikin uku ke nan. Wanda ya buɗe ɗari yana da damar kusan kashi 23 ne kawai na ganin zinare ko sau ɗaya. Ko ta fito ɗin, ba kai za ka zaɓi wacce ba. Tana iya zama wuƙa mai farin jini, tana iya zama wadda kuɗinta bai kai kwatan abin da ka kashe ba.

Bidiyon da kake gani a YouTube da Twitch na masu ihu suna tsalle daga kujera gaskiya ne, amma ba wanda ke ɗora bidiyon shuɗi ɗari huɗu da suka gabace shi.

Me ya sa fenti iri ɗaya, amma wani dala biyar wani dala dubu?

Abu biyu ne. Na farko lambar tsufa. Duk fentin da ya fito ana ba shi lamba tsakanin 0 da 1 wadda ke nuna yawan ƙarcewarsa, kuma ba ta canzawa har abada, ko ka shekara kana harbi da shi. Ƙasa da 0.07 shi ne sabo fil. Daga nan zuwa 0.15 ɗan taɓi kaɗan. Zuwa 0.38 wanda ya sha aiki. Zuwa 0.45 wanda ya koɗe. Sama da haka kuwa kamar an tono shi daga bola. Masu tara kaya suna biyan kuɗi mai tsoka a kan lambar da ta fi ta kowa ƙanƙanta, ko da ido ba ya iya bambance ta da maƙwabciyarta.

Na biyu lambar zane, wadda ta kai dubu. Ita ke yanke wane ɓangare na hoton zai hau jikin makamin. A yawancin fenti ba ta da wani tasiri. Amma a fentin Case Hardened, wanda ke gauraya shuɗi da ruwan tagulla, akwai 'yan lambobi da ke sa shuɗin ya rufe fuskar makamin kusan duka. A AK-47 lamba 661 ce ta yi suna, a wuƙar Karambit kuma 387. An ruwaito cewa mai wata Karambit 387 sabuwa fil ya ƙi tayin da ya haura dala miliyan ɗaya a 2021, kuma a 2024 an ruwaito sayar da wata AK-47 mai lamba 661 da StatTrak a kan fiye da miliyan ɗaya. Irin wannan ciniki a bayan fage ake yin sa, ta hannun dillalai, don haka bakinsu ne shaida.

Wani lokaci kuma hatsari ne ke yin daraja. Fentin Howl na bindigar M4A4 ya fito a akwatin Huntsman a 2014, sai aka gano hoton kerkecin da ke jikinsa na wani mai zane ne aka sata. Valve ya sake zana shi, ya cire shi daga akwatin, ya ba shi matsayi na musamman wanda har yau shi kaɗai ne bindigar da ke riƙe da shi. Tunda ba za a ƙara samun sabo daga akwati ba, abin da aka yi don hukunci ya zama arziki ga waɗanda suka riga suka mallaka.

Masu zana fentin suna samun wani abu?

Suna samu. Yawancin fentin akwatuna 'yan wasa ne ke zanawa su ɗora a Steam Workshop, wanda aka zaɓi nasa kuma yana samun kaso daga cinikin makullan. A 2021 Valve ya sa gasar Dreams & Nightmares inda kowane fenti da ya ci ya samu dala 100,000, akwatin kuma ya fito a Janairun 2022 da fenti 17.

Me ya sa tsohon akwati da ba a buɗe ba yake tsada haka?

Saboda kowace buɗewa tana cinye akwati ɗaya har abada. Muddin akwati yana cikin waɗanda ake rabawa duk mako, kasuwa cike take da shi, farashinsa ba ya zuwa ko'ina. Akwai lokacin da ake sayar da wasu a kan santi uku, mafi ƙarancin abin da Steam ke yarda. Idan Valve ya janye shi daga rabo, sai shigowa ta ragu, buɗewa kuwa ba ta tsaya ba. A hankali abin da ke hannun mutane ya riƙa ƙarewa. Akwatunan 2013 irin su na farkon da na Operation Bravo yanzu ana cinikinsu da gomman daloli kowane ɗaya.

A nan abin yake da ban dariya. Waɗanda suka fi cin riba a harkar nan, in ka cire Valve, ba masu buɗewa ba ne. Masu saye su jibge ne, kamar mai sayen hatsi da kaka ya jira bazara. Ribarsu kuma daga aljihun masu buɗewa take fitowa. Haka sitikun liƙawa na gasar Katowice 2014 a Folan suka yi: an sayar da ƙunshinsu a kan 'yan santi, mutane suka liƙa a bindigogi suka ƙarar, yau masu ƙyalli na ƙungiyoyin Titan da iBUYPOWER ana maganar dubun-dubatar daloli a kan ɗaya.

Amma kada wanda ya ji wannan ya ɗauka akwatin yau zai maimaita tarihin na 2013. A wancan lokacin ba wanda ya yi tunanin ajiyewa, shi ya sa suka yi ƙaranci. Yanzu kowa ɗan ajiya ne.

Zan iya mayar da kayana kuɗi a hannu?

Ta hanyar da Valve ya amince, a'a. Idan ka sayar a kasuwar Steam, ana cire la'adar kashi 15 cikin ɗari, sauran kuma yana shiga jakar Steam ɗinka, inda ba za ka iya tura shi banki ba. Sai dai ka sayi wasa ko wani fentin ko wani makullin. Wato Valve ya ci a makulli, ya ci a sayarwa, ya ci a sake sayarwa, kuma kuɗin bai bar gidansa ba.

Masu son tsabar kuɗi suna bi ta shafukan waje, waɗanda ba na Valve ba. Wasunsu sun daɗe suna aiki, amma a wannan layin ne 'yan damfara suka yi sansani: shafin bogi mai kama da na Steam, saƙon "abokinka" da aka sace wa asusu, tayin musaya da aka sauya a daƙiƙar ƙarshe. Valve ya yi ta toshe ƙofofi. A Maris 2018 ya sa dole kayan da aka karɓa ta musaya su kwana bakwai kafin a sake musayarsu. A Oktoban 2019 ya hana musaya da sayar da sababbin makullai gaba ɗaya, yana cewa kusan duk makullan da ke zagayawa a kasuwa na masu halatta kuɗin zamba ne. Kafin nan makulli shi ne kuɗin garin, da shi ake faɗin farashin wuƙa. A 2025 kuma ya ƙara damar soke musaya cikin kwana bakwai don ceto waɗanda aka yi wa kutse.

Abu ɗaya da ya kamata kowa ya sani: a yarjejeniyar Steam, kayan ba mallakarka ba ne, izinin amfani aka ba ka. Idan aka kama asusunka da maguɗi aka kulle, kayan da ke ciki sun maƙale ke nan, ba saye ba sayarwa.

Mece ce badaƙalar 2016 da ake yawan ambata?

Da fenti ya zama kamar kuɗi, sai shafukan caca suka tsiro suna karɓarsa a madadin kuɗi, ba tare da tambayar shekarun kowa ba. A tsakiyar 2016 aka bankaɗo cewa wasu fitattun masu bidiyo biyu a YouTube, Trevor Martin da Thomas Cassell, su ne masu shafin CSGO Lotto da suke nuna wa mabiyansu suna cin kuɗi a kai kamar tsintarsa suka yi. Valve ya aika wa shafuka fiye da ashirin takardar su daina a Yulin shekarar, hukumar caca ta jihar Washington ta matsa masa lamba a Oktoba, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka kuma ta sasanta da mutanen biyu a 2017 bisa sharaɗin su riƙa bayyana alaƙarsu da abin da suke tallatawa. Shafukan ba su mutu ba. Sun sauya suna da mazauni ne.

To shi buɗe akwatin kansa, caca ne ko ba caca ba?

Ya danganta da wanda ka tambaya. Hujjar kamfanoni ita ce kullum kana samun wani abu, ba a taɓa barinka hannu wofi. Hukumar caca ta Beljiyam ba ta karɓi wannan ba. A Afrilun 2018 ta ce akwatunan Counter-Strike da Overwatch da FIFA 18 caca ne. Holan ma ta ɗauki mataki a wannan watan, kuma tun Yulin 2018 'yan wasan ƙasashen biyu ba sa iya buɗe akwati. A Faransa Valve ya ɓullo da wata dabara a 2019: na'urar haske da ke nuna maka abin da ke ciki kafin ka biya, amma ba za ka haska wani ba sai ka sayi wanda ka gani. Duba da kyau za ka ga cacar tana nan, an dai matsar da ita mataki ɗaya gaba. Birtaniya ta yi nazari ta yanke a 2022 cewa ba za ta sa su ƙarƙashin dokar caca ba, ta bar wa masana'antar ta gyara kanta. Ostireliya kuma tun Satumban 2024 ba ta ba wasa mai akwatin saye matsayin da ya dace da ƙananan yara. A ɓangaren bincike, David Zendle da Paul Cairns sun tambayi 'yan wasa sama da 7,000 a 2018, suka ga cewa yawan kashe kuɗi a akwatuna yana tafiya tare da alamun jarabar caca.

A ganina gardamar "ai ka samu wani abu" ba ta da ƙafa. Ka ba da dala biyu da rabi, sau huɗu cikin biyar a miƙo maka abin da galibi bai kai kuɗin makullin ba, kuma ba don shi ka biya ba, don zinaren ka biya. Cinikin biri a sama ke nan. Musulmin da ke tambaya ta fuskar addini ya san hanin da ya zo kan caca a Suratul Ma'ida aya ta 90, ya kuma san hanin cinikin garari, wanda mai saye bai san abin da yake saye ba. Ya kai wa malaminsa bayanin yadda abin ke aiki dalla-dalla, har da alƙaluman da ke sama, kada ya ce masa "wasa ne kawai".

Me ya faru a Oktoban 2025 da mutane suka yi ta kuka?

Tun da daɗewa akwai kwantiragin musaya: ka ba da fenti goma masu daraja ɗaya, a ba ka ɗaya na matakin sama. Amma a da yana tsayawa a ja. Wuƙa sai dai akwati ko kasuwa. Dare ɗaya, ba sanarwa, Valve ya ce daga yanzu ja biyar suna iya zama wuƙa ko safar hannu. Kafin gari ya waye jajayen da ake rainawa sun ninka kuɗinsu sau da yawa, wuƙaƙe kuma suka rikito, wasu har rabin farashi. Shafukan da ke bin diddigin kasuwar sun ƙiyasta cewa kimanin dala biliyan biyu sun narke daga kasuwar da suke sa wa kusan biliyan shida, kodayake wani ɓangare ya farfaɗo daga baya. Ƙarancin da ake biya wa kuɗi ba daga ƙasa aka haƙo shi ba, layi ne a cikin manhaja, kuma Valve ke da wuƙa da nama.

Da me ya bambanta da juyin sa'a na Free Fire da PUBG Mobile da muke bugawa a waya?

Zuciyar abin ɗaya ce: ka sayi lu'ulu'u ko UC, wato kuɗin cikin wasan, da kuɗin gaske, ka juya, ka jira. Bambancin shi ne a waɗancan babu kasuwar da kamfani ya buɗe wa 'yan wasa su sayar wa juna. Abin da ka ci ya zauna a asusunka, sayar da asusun kuma ya saɓa wa ƙa'idarsu. Don haka ba a nan ake samun labarin miliyoyi ba, amma kuma kuɗin da ya shiga ba ya dawowa ko kaɗan. Apple tun 2017 da Google tun 2019 sun wajabta nuna alƙaluman sa'a, don haka ka nemi ɗan rubutun da ke gefen allon juyin ka karanta kafin ka taɓa. Wasu wasannin harbi sun bi wata hanya: Valorant yana sayar da fentinsa kai tsaye da farashi a rubuce, Overwatch kuma ya daina sayar da akwatunansa a 2022.

Akwati ya faɗo mini wannan makon. In buɗe ko in sayar?

Masu matsayin Prime, wato matsayin da ake saye a wasan, suna samun zaɓin abu biyu cikin huɗu idan suka hau mataki karon farko a mako, kuma akwati yakan kasance a ciki. Idan fenti kake so, sayar da akwatin, ka haɗa kuɗin da dala 2.49 da za ka ba makulli, ka je kasuwa ka zaɓi wanda ranka ke so da idonka. Da wannan kuɗin kana iya samun shunayya mai kyau, wani lokaci har ruwan hoda wanda ya ɗan sha aiki. Idan ka tara na 'yan watanni, ja ma ba ya gagara. Kafin ka danna saye, buɗe hoton makamin ka juya shi, ka duba lambar tsufarsa, don biyu masu suna ɗaya da farashi ɗaya suna iya bambanta sosai a ƙarcewar da ke gefen da za ka riƙa gani lokacin wasa.